Ranar da muka kasa karanta wa Kawu takardar lanho

 Waɗanda suka saba jin muryarmu da safe sun san ba mu cika kawo maganar gidanmu a bainar jama'a ba. Yau dai za mu karya wannan al'ada. Sai da muka nemi izinin mai maganar kafin mu rubuta, ya ce mu faɗa in dai wani zai tsira daga abin da ya same shi, amma kar mu kama suna. To ba za mu kama ba.

Wata Laraba ce bayan la'asar, mun taso daga aiki ke nan, yaro ya zo ya ce Kawu na kira. Kawunmu, wan mahaifiyarmu, yana da magaza a nan Zango: shinkafa, man girki, sukari, makaroni, sabulu. Ya fi shekara 30 a wannan sana'a, tun yana kasa kaya kan tebur a kasuwar Dole. Shi ya riƙa saya mana kaye da bik tun daga CI har muka yi bak. Mun tarar da shi zaune kan buhu, takarda a hannu, shayin da aka zuba masa ya huce bai taɓa ba.

Ya miƙo mana ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan. Kai ne ɗan lakol."

Muka karɓa muka fara. Kowace kalma mun iya furta ta, har da ƙwalisa irin ta mai karanta labarai. Taxation d'office. Pénalités. Mise en demeure. Muna karantawa muna jin kamar muna tauna tsakuwa, don bakin yana tafiya amma kai bai kama komai ba. Abin da muka gane sarai shi ne lambar da ke ƙasa, kuma ta fi kuɗin duk kayan da ke cikin magazar.

Ya ce, "To me ta ce?"

Muka ce, "Kawu, ta ce ana bin ka kuɗi."

Ya ce, "Wannan ai na gani da idona, lamba ba ta da yare. Kuɗin me?"

Muka yi shiru. Wallahi tun da muke ba mu taɓa jin kunyar karatunmu kamar ta wannan rana ba. Shekara 13 muna zaman aji da Faransanci, ga mutumin da ya ɗauki nauyin karatun yana kallonmu, ba mu da abin ce masa.

Asalin maganar kuwa ya faro shekara 4 kafin nan. Wata ƙungiya ta nemi mai kawo mata shinkafa da mai, ta ce sai mai NIF, wato lambar shaidar mai biyan lanho, da rajistar kasuwanci, da takardar da ke nuna ba a bin mutum bashin haraji. Kawu ba ya da ko ɗaya, ɗan abin da ake yanka wa ƙananan ƴan kasuwa yake biya. Sai aka haɗa shi da wani matashi, irin waɗanda za ka gani da jakar takardu suna zarya tsakanin ma'aikatu, aka ce ya san kowa. Cikin ƴan kwanaki ya kawo takardun cif. Kawu ya samu kwangilar, ya ci riba, ya yi wa yaron alheri.

Daga nan aka ɗaura. Duk ƙarshen wata yaron zai zo ya karɓi jika 15 na wahalarsa, wani lokaci ya ce a ƙara kaza na lanho. Rasi babu. In Kawu ya tambaya sai ya ce, "Haba Alhaji, kwantar da hankalinka, mutanena ne a can." Ashe shekarar farko kaɗai ya kai bayanan. Ranar da takarda ta iso muka kira lambarsa, a kashe. Har yau a kashe take.

A daren nan mun kasa barci, sai muka kira wani abokinmu da muka yi lise tare, wanda yau ya kai shekara 12 a birnin Hamburg na Jamus. Kayan gyaran mota da firji yake saye a can yana turowa ta jirgin ruwa. Muka kwashe labari muka faɗa masa. Tambayar da ya fara yi mana ita ce, "Wa ya sa hannu a takardun Kawu? Kuma in ya yi kuskure, wa zai biya?" Muka ce ba mu gane ba. Ya ce to bari ya ba mu labarin nasa mutumin.

Sunan sana'ar da Jamusanci Steuerberater, sai da muka maimaita sau biyar kafin harshenmu ya yarda. Ma'anarsa mai ba da shawara kan haraji. Na abokinmu dattijo ne mai furfura, buro ɗinsa ƴan ɗakuna ne a saman wani gidan burodi, kuma yawancin masu zuwa wurinsa ƙananan ƴan kasuwa ne masu shigo da kaya da fitarwa. Bai taɓa shiga jami'a ba. Yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon aiki wurin wani mai wannan sana'a, shekara 3, wasu ranaku a aji wasu a kan tebur. Bayan haka ya yi shekara 10 yana aiki ƙarƙashin maigida kafin doka ta ba shi damar zama jarabawar zama mai cin gashin kansa. Yanzu an rage wa masu bin wannan hanya zuwa shekara 8. Wanda ya biyo ta jami'a shi ma ba ya tsallake aikin hannu, sai ya yi shekara 2 ko 3 a buro, gwargwadon tsawon karatunsa.

Ita jarabawar sau ɗaya ake yin ta a shekara, cikin watan Oktoba, kwana 3 a jere, kowace rana awa 6 ana rubutu. Wanda ya haye wannan sai ya je ta baki. Kusan rabin masu zama faɗuwa suke yi, kuma sau 3 kaɗai aka yarda mutum ya gwada a rayuwarsa. Dattijon da bakinsa ya faɗa wa abokinmu cewa ya faɗi a karon farko, sai a na biyu ya samu.

Samun jarabawar ma ba shi ne ƙarshe ba. Dokar da ke tsare wannan sana'a a Jamus ta 1961 ce, kuma ta ɗaure su ta ko'ina. Dole mutum ya shiga ƙungiyar masu sana'ar ta yankinsa, akwai irinsu 21 a ƙasar, mambobinsu sun kai wajen 100,000. Dole ya yanki asiransi, don in kuskurensa ya jawo wa ɗan kasuwa hasara a samu inda za a biya. Sirrin wanda yake yi wa aiki amana ce, in ya fallasa laifi ne da kotu ke hukuntawa. Ladan aikinsa akwai ƙa'idar da gwamnati ta shimfiɗa a kai. Sannan ba kowa ne zai tashi da jakar takardu ya ce yana yi wa mutane aikin haraji don kuɗi ba, doka ta hana.

Muka ce masa, to duk wannan karatu, kai me ya tsinana maka? Ya yi dariya ya ba mu misali biyu. TVA a Jamus kashi 19 cikin 100 ne, daidai da namu na Nijar. Kayan da aka fitar zuwa ƙasashenmu ba a ɗora musu shi, amma sai in akwai shaidar duwan cewa kayan sun fita da gaske. A shekararsa ta farko abokinmu ya ɓatar da shaidar wani kontena. Ya roƙi dattijon ya rubuta kawai, ai kaya sun tafi, har an sayar a Zinder. Dattijon ya ƙi ƙememe, ya ce babu takarda babu magana. Shi da kansa ya bi kamfanin jigilar da wasiƙu har shaidar ta fito. Ba don haka ba, ranar bincike da kashi 19 ɗin nan ya faɗo a kansa.

Misali na biyu shi ya fi tsaya mana a rai. Wata shekara ma'aikaciyar dattijon ta manta da wa'adin kai wata takarda, aka yi wa abokinmu tara. Kafin ya buɗe baki dattijon ya kira shi ya ba shi haƙuri, ya ce laifin buro ɗinsa ne, ya biya tarar daga aljihunsa.

Muka ce, "Tabɗi! Mutumina, a nan wa zai biya maka?"

Ya ce kar mu ɗauka can aljanna ce. Takardu sun yi yawa, kuɗin da yake ba dattijon duk shekara yana ci masa rai, kuma su ma suna da masu ha'incinsu. Amma ya ce abu ɗaya ya sani: shi yana biyan wanda ya san doka, Kawu yana biyan wanda ya san mutane. Mutane kuwa ana canza musu wurin aiki, suna ritaya, suna mutuwa. Takarda tana nan a cikin dosiye tana jiran ka. Ya ce mu tashi mu nemi irin dattijon nan a gida, akwai su, mu ne ba mu tambaya.

Gaskiyarsa. Matambayi ba ya ɓata. Cikin kwana 2 aka nuna mana wata Hajiya, kontabul mai rajista a ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafin kuɗi ta ƙasa. Da muka bincika sai muka ga mu ma hanyar ba gajera ba ce. Mai son zama expert-comptable a ƙasashen UEMOA, bayan dogon karatu sai ya yi shekara 3 yana koyon aiki a hannun wani kafin ya zauna jarabawar ƙarshe ta DECOFI. Muna gari ɗaya da masu irin wannan ilimi, amma ɗan jakar takardu muka sani.

Hajiya ba ta ce ta san kowa ba. Ta karanta takardar sau biyu, ta duba kwanan wata, ta ce, "Alhaji, Allah ya taimake ka ba ka ɓoye ta ƙarƙashin katifa ba. Akwai wa'adin da doka ta ba ka na yin ƙorafi, kuma bai wuce ba." Sannan ta rubuta yarjejeniya tsakaninta da shi, aikin da za ta yi da abin da za a biya ta, kowa ya sa hannu. Kawu ya ja mu gefe ya ce kuɗin sun yi yawa, yaron can jika 15 yake karɓa. Muka ce, "Kawu, ai araharsa ce ta kawo mu nan." Bai amsa ba, ya ciro kuɗin. Ta ba shi rasi. Ya daɗe yana juya rasin nan a hannu.

Abu uku ta nema: takardun duwan, faktir ɗin waɗanda yake sarin kaya wurinsu, da littafin da yake rubuta ciniki. Littafi kam akwai, Kawu da ajami yake rubuta nasa, wanda ya ci bashi da wanda ya biya, ba ya kuskure ko na dala. Sauran takardun kuwa a cikin buhun shinkafa muka same su, wasu gara ta ci, wasu an ƙunsa goro da su. Mako 3 ita da yaranta biyu suna warwarewa, mu kuma muna karanta musu ajamin Kawu da taimakon wani malamin unguwa.

A wannan zaman muka koyi abin da lise ba ta koya mana ba. Taxation d'office ɗin nan ma'anarsa, in ba ka kai bayanin cinikinka ba, doka ta ba ma'aikatan lanho dama su ƙiyasta da kansu daga abin da suke da shi a hannu. Ba zalunci suka yi wa Kawu ba, aikinsu suka yi da abin da suka gani. Wanda aka yi wa rajista a babban tsari, bayanin TVA duk wata ake kai shi, bayanin ribar shekara kuma kafin ƙarshen watan Afrilu, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Harajin riba, ISB, a lokacin kashi 30 cikin 100 ne na riba, ba na kuɗin da suka shiga aljihu ba, amma sai ka nuna da takarda abin da ka kashe kafin a yarda da ribar da ka faɗa. Wani kaso da ake cirewa tun a duwan kamar kafin alƙalami ne, ana rage shi daga abin da za ka biya, in ka adana shaidarsa. TVA da ka biya wurin sari shi ma ana rage shi, in faktir ɗin na ƙa'ida ne. Kuma dokar OHADA, wadda ƙasashe 17 ke aiki da ita har da Nijar, ta ce takardun lissafi shekara 10 ake ajiye su. Ita wannan dokar ta yi wa ƙananan ƴan kasuwa sauƙi: mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba, lissafin shiga da fita mai sauƙi ya ishe shi.

Sai a mako na uku aka gano babban ramin. Hajiya ta jera kayan da suka shigo da lambar Kawu, ta ce, "Alhaji, yaushe ka fara sayar da tayal da tayoyin mota?" Ya ce shi bai taɓa ba. Ashe yaron nan haya yake bayarwa da NIF ɗin Kawu, wasu na fito da kayansu da sunansa. A idon doka duk cinikin Kawu ne. Ƴan uwa, wanda duk ya ba wani lambarsa, ko don zumunci ko don ɗan abin shan ruwa, ya sani sunansa ya ba da aro, kuma bashin ƙofarsa zai zo.

Ba za mu ce muku an yafe komai ba. Hajiya ta rubuta ƙorafi, ta haɗa shaidu, ta yi ta zarya. Abin da aka iya tabbatarwa an cire, abin da gara ta cinye shaidarsa ya zauna. Kuɗin sun dawo wajen kashi ɗaya cikin uku, aka yarda ya biya kaɗan kaɗan. Duk da haka sai da Kawu ya sayar da filin da ya saya a hanyar Tanout, wanda ya ce na auren ƴaƴansa ne. Ranar da aka yi cinikin filin bai ci abincin dare ba. Magaza dai tana nan a buɗe, alhamdu lillahi.

Da muka ba wani tsoho na unguwarmu labarin Bajamushen da ya biya tara daga aljihunsa, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai haka Zango take a da. Zamanin ayari, lokacin da Buzaye ke sauke gishiri da dabinon Bilma, Larabawan Gadamas da Tarabulus na kawo hajarsu, baƙo wurin maigida yake sauka. Maigidan shi ke ajiye kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsayawa lamuni. In mai saye ya gudu da bashi, shi zai biya, don sunansa ne jarinsa. Manyan attajirai irin su Malam Yaro da wasiƙu da rubutun malamai suka riƙe hulɗarsu har bakin teku. Wani ɗan Hamburg ɗin ma, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin nan a ƙarshen 1852, kuma a nan kuɗin guzurinsa suka iske shi, an ƙetaro hamada da su a ɓoye cikin akwatunan sukari. Ashe mai tsayawa tsakani ya ɗauki nauyin kuskurensa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun riƙe dillancin ne muka yar da lamunin.

Mun san abin da wasunku za su ce, don kullum muka taɓo lanho a shiri sai wayoyi su ɗauki zafi: me muke gani a ƙasa? Ga matsalar ruwan da Damagaram ta daɗe tana fama da ita, ga hanyoyin cikin unguwa da damina. Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu daina yin ta ba. Amma wanda ke da rasi a hannu shi ke iya ɗaga murya ya tambayi ina kuɗinsa suka tafi. Wanda ya bi ta bayan gida, ko an cuce shi ba ya da bakin magana. Kawu ya biya kuɗi shekara 3 cur, ba su shiga baitulmali ba, ba su tsare shi ba.

Don haka ga ɗan abin da muka tsinta, mun ba ku kyauta, mu da tsada muka saye shi. Duk wanda zai riƙe muku takardun lanho, ku tambaye shi rajistarsa, ku rubuta yarjejeniya. Duk kuɗin da aka ce na gwamnati ne, a kawo muku rasin gwamnati mai ɗauke da sunanku da lambarku. Kafin ku karɓi NIF don kwangila ɗaya, ku tambayi wane tsari za a sa ku da abin da zai hau kanku duk wata, ko a ma'aikatar lanho da kanta ko a Chambre de Commerce. In kun daina sana'a ku je ku sanar, kar ku bar lamba a buɗe. In takarda ta zo, ranar da ta zo za a nemi mai karanta ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙannenmu masu neman abin da za su karanta kuma, ga sana'a nan. Ƴan kasuwar Zinder, Matamaye, Magarya da Mirya suna buƙatar wanda zai zauna da su ya fassara musu doka da Hausa, ya kuma tsaya a kan sa hannunsa.

Jiya mun biya ta magaza. Kawu ya kafa ƙusa a bango kusa da sikeli, duk faktir ɗin da ya shigo sai ya soke shi a nan, ƙarshen mako ƴarsa ta uku ta kwashe ta shigar a littafi. Ita ce ta ce kontabilite za ta karanta, ya kuma yarda. Da ya gan mu sai ya ce, "Ɗan lakol, zo ka sha shayi. Wata takarda ta zo, amma kar ka damu, na riga na aika wa Hajiya."

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a nemanmu, ya raba mu da bashin da ba mu ci ba. Sai mun haɗu gobe da safe in Allah ya kai mu.